Awon Tsokar Jikin Mutum Da Hoton Asibiti: Bayani Ga Hakimai Da Magatakarda

Dalilin Wannan Takarda

An shirya wannan takarda domin hakimai da magatakardansu na ƙasar Katsina, don su fahimci wani awo da likitoci ke yi a zamanin nan, watau ƙiyasta nauyin tsokar jikin mutum gaba ɗaya daga hoton da aka ɗauka a asibiti. Gaban hakimi ne talakawa kan kai kukansu idan tsoho ya faɗi ya karye, ko kuwa majinyaci ya komo daga birni da takardun da ba wanda ya gane kansu. Wajen magatakarda ne kuma akan kai takardun ya karanta. Saboda haka ya kamata su san abin da awon ke nufi, da inda amfaninsa ya tsaya, da kuma abin da ake bukata daga gare su.

Abin da takardar nan ke son tabbatarwa shi ne, sikeli yana faɗin nauyin mutum, amma ba ya faɗin abin da ke cikin nauyin. Mutum biyu suna iya hawa sikeli kowannensu ya yi kilo 70, ɗaya tsoka ce ta cika shi, ɗaya kuwa kitse ne da ruwa. Idan ciwo mai tsanani ya kama su tare, na farkon ya fi kusa da tashi.

Tsoka Da Aikinta

Tsokar jiki iri uku ce. Akwai ta zuciya, akwai ta hanji da hanyoyin jini, sa'an nan akwai wadda ke manne da ƙasusuwa, wadda mutum ke motsawa da nufinsa. Wannan ta ukun ita ake magana a kai. Yawanta ya haura 600 a jikin mutum, manya da ƙanana, tun daga cinya da sha-raɓa da damtse har zuwa 'yan ƙananan da ke juya ido.

Kowa ya san da ita ake tafiya, da ita ake noma, da ita ake ɗaukar kaya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne ita ce rumbun jiki. Sa'ad da ciwo ya hana mutum cin abinci, ko yunwa ta matsa, jiki yakan koma yana ɗiban abin gina jiki daga tsokarsa, don ya warkar da rauni, ya kuma yaƙi cuta. Har wa yau ita ce ke shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci. Wanda rumbunsa ke cike yana iya jure doguwar jinya, kamar yadda magidanci mai hatsi ke jure bazara. Wanda rumbunsa ya yi ƙasa kuwa, ɗan ciwo kaɗan sai ya kwantar da shi.

A shekarar 2000 wani masani mai suna Ian Janssen da abokan aikinsa na Kanada da Amurka suka auna mutum 468, maza da mata, daga masu shekara 18 zuwa masu 88. Suka sami matsakaicin namiji a cikinsu yana da tsoka kilo 33, watau kashi 38 cikin ɗari na nauyinsa, mace kuwa kilo 21, watau wajen kashi 31 cikin ɗari. Suka kuma lura da cewa raguwarta tana fitowa fili daga wajen shekara 45 zuwa sama, ta fi kuma tsanani a ƙafafu.

Wannan raguwa idan ta wuce kima ta zama cuta. Wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa mata suna a 1989 daga harshen Girka, ya kira ta sakofeniya, ma'anarta ƙarancin nama. A Hausance ana iya ce mata zubewar tsoka. Tsufa na kawo ta, haka kuma tarin fuka, da ciwon daji, da ciwon ƙoda, da ciwon hanta, da ciwon sukari, da yunwa, da doguwar kwanciya. A wani gwaji da aka yi a Amurka a 2007, tsofaffi masu lafiya da aka kwantar a gado kwana 10 sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafafunsu.

Yadda Aka Sami Hanyar Gani Cikin Jiki

Tun da daɗewa masana ke neman hanyar auna tsokar mutum yana raye. A 1921 wani masani na birnin Prague mai suna Matiegka ya gwada ƙiyasta ta da awon kaurin hannu da ƙafa da kuma kaurin fata. Hanyar ta taimaka, amma ido da igiyar awo ba su raba tsoka da kitsen da ke ɓoye a ciki.

A 1895 ne Wilhelm Röntgen, wani Bajamushe, ya gano hasken nan da ke ratsa jiki, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hoton yana nuna karaya sarai, yana nuna huhu, amma nama da kitse sukan haɗu su zama inuwa ɗaya a cikinsa. Sai a 1971 aka fara ɗaukar majinyaci da wata sabuwar na'ura a wani asibiti na London, wadda injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Ita ce likitoci ke kira CT. Tana zagaya mutum da hasken ta kowane gefe, kwamfuta kuwa ta haɗa lissafin ta fitar da hoto kamar an yanka mutum gunduwa-gunduwa yadda ake yanka rake, alhali ko ƙwarzane ba a yi masa ba. An ba Hounsfield lambar yabo ta Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Na'urar farko irin wannan a Nijeriya an kafa ta a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1987, shekarar da aka yi Jihar Katsina.

Bayan wannan aka sami wata na'ura da ake kira MRI, wadda ke aiki da maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, ba da hasken da ke ratsa jiki ba. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila su ne suka share hanyarta tun daga 1973, aka kuma ba su Nobel a 2003. Da ita Janssen ya yi awon da aka ambata a sama. Akwai kuma ta uku mai suna DXA, wadda aka fara yi domin awon ƙarfin ƙashi. Ita tana raba jiki kashi uku: ƙashi, da kitse, da sauran nama. Da yake kusan kashi uku cikin huɗu na tsokar mutum a hannuwa da ƙafafu take, idan an sami nauyin naman gaɓoɓin nan huɗu ana iya lissafa na sauran jiki.

Masana ba su yarda da waɗannan na'urori haka kawai ba. Sai da aka ɗauki hoton gawarwakin waɗanda suka ba da izini tun suna da rai, sa'an nan aka buɗe aka auna naman da hannu, aka gwada da abin da hoto ya nuna. An buga sakamakon irin wannan gwaji a 1998, aka ga awon biyu sun yi kusa ƙwarai.

Yadda Hoto Ɗaya Ke Wakiltar Jiki Duka

Cikakken awo shi ne a ɗauki hoton mutum daga yatsun hannu zuwa na ƙafa, gunduwa wajen 40, a auna faɗin tsoka a kowace gunduwa, a tara, a mayar da shi nauyi. Lita ɗaya ta tsoka tana da nauyin kilo 1.04. Wannan aiki yana cin lokaci da kuɗi mai yawa, ba a yin sa sai domin bincike.

Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a karar shanu ta Charanchi ko ta Jibiya ya ga yadda gwanin mahauci ke yi. Ba ya bukatar a yanka sa kafin ya san naman da ke jikinsa. Yakan dafa gadon bayansa ya matsa wajen ƙugu, ya faɗi abin da zai fitar, galibi kuwa ba ya yin nisa da gaskiya. Ya san wuri ɗaya da ke ba da labarin sauran jiki. Haka masana suka nemi wannan wuri a jikin ɗan Adam.

A 2004 Wei Shen da Steven Heymsfield da abokan aikinsu a New York suka duba hotunan mutum 328, suka tarar gunduwa ɗaya ta ciki, a wajen ƙugu, tana tafiya daidai da tsokar jiki duka: in ta yi yawa a nan, ta yi yawa ko'ina. A 2008 Marina Mourtzakis da Vickie Baracos da abokan aikinsu na Kanada suka nuna hanyar tana aiki ga masu ciwon daji, suka kuma tsayar da wurin awo. A ƙashin bayan mutum akwai gaɓoɓi biyar na ƙugu, ta ukunsu ita aka zaɓa, tana kusan daidai da cibiya. A wannan wuri hoto yana kama tsokar gadon baya, da ta bangon ciki, da wasu guda biyu masu laushi da ke kwance a gefen ƙashin baya ta ciki.

Na'urar CT tana ba kowane ɗigo na hoton lamba gwargwadon yadda ya tare haske. Ruwa shi ne sifiri. Iska tana 1000 ƙasa da sifiri. Kitse yana tsakanin 190 da 30 ƙasa da sifiri. Tsoka tana daga 29 ƙasa da sifiri zuwa 150 sama da shi. Ƙashi ya zarce haka nesa. Da waɗannan lambobi ma'aikacin hoto ke zagaye tsokar, kwamfuta ta lissafa faɗinta da santimita murabba'i, kamar yadda malamin awo ke lissafa faɗin gona bayan ya bi iyakokinta. A yanzu akwai manhajojin kwamfuta da ke yin zagayen da kansu cikin ɗan lokaci, amma tilas ne gwani ya duba aikinsu.

Misali Domin Magatakarda

A ɗauka wani magidanci ne mai tsawon mita 1.80, aka auna hotonsa aka sami faɗin tsoka santimita murabba'i 140. Bisa ƙa'idar Shen, sai a ninka 140 da 0.166, a sami 23.24, a ƙara 2.142, ya zama lita 25.4. A ninka wannan da 1.04, sai a sami wajen kilo 26. Wannan shi ne ƙiyasin tsokar jikinsa duka.

Amma dogon mutum dole ya fi gajere tsoka, don haka ba a yanke hukunci sai an haɗa da tsawo. A ninka tsawonsa da kansa, watau 1.80 sau 1.80, ya ba da 3.24. A raba 140 da 3.24, a sami 43. Wannan lamba ita likita ke dubawa. A binciken da Carla Prado ta jagoranta a Kanada a 2008 a kan masu ciwon daji masu ƙiba, an sa iyaka a kan 52.4 ga maza, 38.5 ga mata. Cikin majinyata 250 an sami 38 a ƙasa da iyakar, duk da ƙibarsu, waɗannan kuwa sun fi saurin mutuwa. Daga nan za a gane teɓa ba alamar ƙarfi ba ce. Za a kuma gane cewa idan ba a rubuta tsawon mutum daidai ba, lissafin duka ya lalace.

Amfanin Awon Ga Mutanen Katsina

Babban asibitin tarayya da ke birnin Katsina, wanda aka kafa a 1998, an ɗaukaka shi ya zama Asibitin Koyarwa na Tarayya a 2022, a 2025 kuma aka buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a cikinsa. Ana kuma tura wasu majinyata Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mai ciwon daji da wuya a yi masa magani ba tare da hoton CT ba, hoton ciki kuwa yana ɗauke da gaɓar nan ta uku. Watau ba sai an sake ɗaukar wani hoto ba, ba sai iyalin majinyaci sun sake sayar da akuya ko buhun gero ba. Hoton da aka riga aka biya kuɗinsa shi ne zai ba da labarin tsoka, muddin ba a yar da shi ba.

Amfanin sanin wannan labari uku ne. Na fari, maganin ciwon daji yana da ƙarfi, an saba auna shi da tsawon mutum da nauyinsa. Wanda tsokarsa ta zube yakan fi shan wahalar maganin, don haka likita zai ƙara sa masa ido. Na biyu, wanda za a yi wa babbar tiyata, in an ga rumbunsa ya yi ƙasa, ana iya fara gina shi da abinci da motsa jiki idan ciwon ya ba da hali, domin irinsa ne rauni ke daɗewa bai warke ba. Na uku, idan an ɗauki hoto sau biyu, tsakaninsu wata uku ko shida, ana iya gwada su a ga ko majinyaci yana ci gaba ko yana zubewa, ko da sikeli bai nuna canji ba.

Inda Awon Ya Gaza

Lalle ne a tuna cewa ƙiyasi ne, ba awon sikeli ba. Yana yin daidai a kan taron jama'a, amma a kan mutum ɗaya yana iya kaucewa da 'yan kiloli. Kumburi yana ruɗa shi, domin ruwan da ya shiga nama yana ƙara masa faɗi. Mai shanyewar ƙafa, ko wanda aka yanke wa gaɓa, ƙugunsa ba ya wakiltar jikinsa. Faɗin tsoka kuma dabam, ƙarfinta dabam: tsokar da kitse ya ratsa tana iya yin faɗi ba ta da ƙarfi. Saboda haka ƙungiyar masanan Turai da ta tsara ƙa'idar gane wannan cuta a 2010, da ta sake zama a 2018, sai ta sa ƙarfi a gaba, yawa a baya.

Abu na biyu, iyakokin da aka ambata an samo su ne daga jikin mutanen Kanada masu ƙiba. Bafillatani makiyayi mai siririn jiki, wanda ke bin shanu daga Ruma zuwa Mashi da ƙafa, yana iya faɗawa ƙasa da iyakar alhali lafiyarsa lau. Ƙasashen Asiya sun lura da irin wannan, suka tsara nasu ma'aunin a 2014, suka gyara shi a 2019. Ma'aunin da zai dace da mutanen Katsina sai an samo shi daga jikin mutanen Katsina, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da rubutu mai kyau na shekaru da tsawo da nauyi.

Abu na uku, hasken CT ba abin wasa ba ne. Hoton ciki ɗaya ya kai kimanin abin da jiki ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin shekara uku. Ba a ɗaukar mai lafiya da shi don kawai a san tsokarsa. Mace mai juna biyu tilas ta faɗa kafin a ɗauke ta. Na'urar MRI ba ta da wannan haske, amma tana fizgar ƙarfe da ƙarfin gaske, don haka wanda ke da ƙarfe ko harsashi a jikinsa lalle ya sanar, a kuma cire guru da laya da zobe kafin shiga ɗakin.

Awon Da Ake Iya Yi A Ƙauye

Manyan na'urorin nan sai a manyan asibitocin birni. Amma akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikacin lafiya na gunduma zai iya yi. A zaunar da tsoho a kujera, ya harɗe hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ƙafarsa ya ragu. A auna kaurin sha-raɓarsa a inda ta fi kauri. Idan bai kai santimita 31 ba, alama ce ta zubewa. Inda akwai abin awon damƙa, ƙasa da kilo 27 ga namiji, ko ƙasa da 16 ga mace, rauni ne bisa ƙa'idar Turai.

Ƙananan yara ba a yi musu awon hoto domin wannan. Nasu shi ne igiyar awon damtse mai launi uku, wadda iyaye mata da yawa a ƙasar Katsina suka sani, musamman tun 2021 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin tamowa a jihar. Yaro daga wata 6 zuwa wata 59, idan damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, watau igiya ta nuna ja, yana cikin haɗari, a kai shi asibiti a ranar. Hikimar ɗaya ce da ta hoton ƙugu: a auna wuri ɗaya a san halin jiki duka.

Abin Da Ake Bukata Daga Hakimai Da Magatakarda

1. Hakimi ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a cewa duk wanda aka ɗauka hoto a asibiti ya adana faifan da takardar sakamakon a wurin da zafi da ruwa da gara ba za su taɓa su ba, ya kuma tafi da su duk sa'ad da zai koma wurin likita.

2. Magatakarda idan zai rubuta wa majinyaci takarda, ya sa shekarunsa na gaskiya gwargwadon iko. Inda ba a san shekarar haihuwa ba, a nemi abin tarihi, kamar a ce an haife shi kafin rasuwar Sarki Muhammadu Dikko a 1944, ko bayan samun mulkin kai a 1960.

3. Tsohon da ya fara yawan faɗuwa, ko ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi, ko rigarsa ta yi masa yawa cikin 'yan watanni, kada a ce tsufa ne kawai a ƙyale shi. A kai shi a duba, domin sau da yawa akwai ciwon da ke ɓoye wanda ke da magani.

4. A tunatar da magidanta cewa tsoho yana bukatar abinci mai gina jiki kamar yadda yaro ke bukata: wake, da gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da awara, da nono, da ƙwai, da kifi, da nama in an samu. Koko da tuwo kaɗai ba su isa ba. Mai ciwon ƙoda kuwa ya bi abin da likita ya tsara masa.

5. Kada tausayi ya sa a hana tsoho motsi. Tafiya zuwa kasuwa ko gona, da ɗan aikin hannu, su ke riƙe tsoka. Mai jinya ma a tashe shi ya taka da zarar likita ya yarda.

Tsokar da ta zube tana iya komowa idan an farga da wuri, ko da mutum ya manyanta, amma gina ta ya fi zubewarta ɗaukar lokaci nesa ba kusa ba. Likita yana da na'ura a birni, hakimi kuwa shi ke da idon da ke ganin tsofaffin ƙasarsa kullum. Ana fata kowane hakimi zai sa a karanta wannan takarda a gaban dagatansa a zaman majalisa na gaba. Allah ya ba jama'a lafiya, amin.